Matakala ta Biyu

Tudun Faru
12 ga Fabrairu, 2017

Zuwa ga Baffa Malam Uwais,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da ɗalibanka. Mu nan sai godiya. Umma ta yi fama da ciwon ƙafa, amma ta samu sauƙi, har ta je suna gidan Bashari da kanta. Ta ce in tambaye ka ko har yanzu kai kake dafa wa kanka abinci.

Baffa, ka san tun bara aka mai da ni sakatariyar wani kwamiti a majalisar dokokin jiha. To wani ƙudiri ya zo gabanmu da ya shafe ka, kuma ba maganar waya ba ce. Ana so a sa limaman Juma'a da fastoci cikin tsarin fansho na gwamnati. Za a riƙa ba su alawus duk wata, a cire haraji, a ajiye musu wani kaso, in sun tsufa ko sun gaza a riƙa biyansu, har da katin asibiti. Bai zama doka ba tukuna, amma an ce kowane masallaci ya aiko da sunan limaminsa kafin ƙarshen Satumba. Suna ɗaya tak. Babu gurbin na'ibi.

Dattawan masallacinmu sun zauna ranar Juma'a, ba su kuma daɗe ba. Suka ce limamin Tudun Faru sananne ne, Malam Uwais ɗan Liman Sharif, tunda bai ajiye rawani ba, tafiya karatu ya yi. Aka juya ga Baba Maiwada, shi da yake jan salla shekara goma sha huɗun nan, aka ce me ya gani. Ya ce a rubuta sunanka, shi riƙo aka ba shi.

Na ce bari in sanar da kai halin da ake ciki. Baba Maiwada ya tsufa, Baffa.

'Yarka,
Muhibba


Al-Oud, Riyad
5 ga Maris, 2017

Zuwa ga 'yata Muhibba,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Saidou mai kago, mai jigilar kaya tsakanin nan da gida, ya kawo mini takardarki har kantin littattafai inda nake aiki. Na karanta a tsaye, na karanta a zaune, da na koma ɗaki na sake karantawa. Lafiyata ƙalau, sai ɗan tari da na'urar sanyi take sa ni. Ki gaya wa Ummanki i, ni nake dafawa, kuma har yau miyar kukata ba ta kama ƙafar tata ba.

Rubutunki ya yi kyau. Yarinyar da take cinye gindin fensir a ajina ita ce yau take riƙe wa majalisa alƙalami. Ki kula da abu guda: in kina rubuta abin da aka faɗa a zama, ki rubuta na wanda ba ki yarda da shi ba da kyau kamar na wanda kike so. Nan ake gane marubucin kirki.

Ƙudirin naku na juya shi sosai. Haraji bai dame ni ba. Liman yana bin titi, 'ya'yansa suna zuwa asibiti, don me zai ce shi ba zai biya ba? Sai dai ku fayyace, kada gobe wani jami'i ya tsaya a wajen ɗaurin aure yana ƙidaya goron da aka tura wa malam. Abin da nake tsoro shi ne harshe. Wanda ya san ranar da alawus yake fita, zai iya tsayawa ranar Juma'a ya ce rijiyar gari ta ƙafe kuma ga wanda ya ci kuɗinta? Ku sa a rubuce cewa ba za a tsayar da haƙƙin liman don abin da ya faɗa a huɗuba ba. Amma kuma ba na manta yadda mahaifina ya ƙare. Shekara arba'in yana jan salla, da ciwo ya kwantar da shi sai da aka sayar da littattafansa biyu. Saboda haka ina goyon baya.

Maganar suna kuwa, ba zan ɓoye miki ba, ta sanyaya mini rai. A nan ba wanda ya san ni da limanci. Ranar Juma'a a sahu na uku ko na huɗu nake samun wuri, tsakanin wani ɗan Bangladesh da wani Basudane. Asabar in hau mota zuwa Al-Naseem, gidan wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu, inda yara goma sha bakwai suke taruwa in koya musu karatu da Hausa. Larabci ya fi musu sauƙi. Ban gama bayani ba sai in ji, "Ustaz, khalas?" wato an gama? Makon jiya na ce musu liman yana zama a kan buzu, wata mai suna Zahida ta tambaye ni ko buzu irin kujera ce. Na yi dariya, amma a mota da nake komowa dariyar ba ta biyo ni ba.

Wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba: duk Alhamis bayan la'asar ina rubuta huɗuba, kamar gobe zan hau mumbari. In gama in saka a kwali. Yanzu da kika ce ba a manta da ni ba, sai na ji kamar ba a banza nake yi ba. In doka ta wuce aka kira tantancewa, ƙila wannan ne sanadin komowata.

Malam Maiwada kuwa, haka yake tun yana almajirin mahaifina, shi ya goya ni a kafaɗa zuwa idi. Kin ce ya tsufa. To wa bai tsufa ba? Ga dabino da turare nan, ki kai masa.

Baffanki,
Uwais


Tudun Faru
9 ga Afrilu, 2017

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Kowa lafiya, zafi ne dai ya sa mu gaba. Na kai wa Baba Maiwada saƙo, ya shinshina turaren ya ce Allah ya saka wa Liman da alheri.

An yi zaman jin ra'ayin jama'a. Maganarka ta harshe, wani fasto ne ya fara kawo ta, wani liman da ke gefensa ya ce, "Ka riga ni." Aka yi dariya. Na rubuta ta da kyau, yadda ka ce.

Baffa, a wasiƙata ta farko na yi kara, ban fito da magana ba. Idon Baba Maiwada ya kusa tafiya. Likita ya ce ɗaya ya riga ya mutu, ɗayan sai da magani kullum. Takardar da yake riƙewa a mumbari ba karanta ta yake yi ba, huɗubobin mahaifinka ne da ya haddace yake maimaitawa. Ba ya iya noma, gonar ma ya ba da aro. 'Ya'yansa mata ne, suna gidajen mazajensu.

Kuma har yau in ya hau mumbari a matakala ta biyu yake tsayawa. Ya ce ta uku ta liman ce. Buzunka yana nan a mihrabi, shi nasa a gefe yake shimfiɗawa. Kafin ya fara huɗuba sai ya ce, "A madadin Liman." Akwai samari masu gemu a garin nan da ba su taɓa ganin wanda ake yi a madadinsa ba.

In sunanka ya tafi, shi ba shi da komai a dokar nan, ko katin asibiti. Dattawa ba za su canja ba sai da bakinka, shi kuma ba zai roƙa ba. Ban ce ka yi kaza ba, Baffa. Na dai faɗa maka.

Hajiya Zaituna za ta Umra, ta ce za ta ba wani mai zuwa Riyad wannan takarda.

'Yarka,
Muhibba


Al-Oud, Riyad
21 ga Yuli, 2017

Muhibba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kun yi salla lafiya. Ni ma da sauƙi.

Wata huɗu da rabi ke nan ban ga amsarki ba. Duk sanda na bi ta unguwar Utaiƙa sai in leƙa wajen Saidou, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Na ce aiki ne ya yi miki yawa.

Ajina ya watse. Tun da aka sa kuɗin da mutum zai riƙa biya kan kowane ɗa da mata da ke ƙarƙashin iƙamarsa, wato takardar izinin zama, sai mutane suka fara mai da iyali gida. Cikin goma sha bakwai saura biyar. Zahida ta tafi ranar Talata. Ta zo sallama da uwarta, ta ce, "Ustaz, in na je zan ga buzu." Kujerun roba da na saya musu na jera su a lungu, ɗaya kan ɗaya.

Shekaranjiya Basiru direba, ɗan unguwarmu, ya dawo daga hutu. Muna shan shayi ya ce, "Malam, ashe za a canja suna?" Na ce wane suna? Ya ce ai gari ya ɗauka, Muhibba ce take bin dattawa gida gida a kan a cire naka a sa na Maiwada. Na ce masa na sani, don kada ya ga fuskata.

'Yata, in haka ne, me ya hana ki gaya mini? Sau uku muna gaisawa a waya, ba ki ce komai ba. In an gaji da ni, a faɗa mini da baki. Ba fanshon nake kwaɗayi ba, Allah ya sani. Amma ki duba katin iƙamata, abin da aka rubuta a kai shi ne ma'aikacin kanti. Kafilina, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, mutumin kirki ne, shekara goma muna tare, har yau "ya Usman" yake ce mini, na gaji da gyara masa. Hanyata ta zuwa aiki tana bi ta jikin maƙabartar Al-Oud. Kaburburan nan ba suna a kansu, sai duwatsu biyu, kuma haka ya dace da musulmi. Amma ni ban mutu ba tukuna. Wuri ɗaya ne a duniya da in an ce Liman ake nufina, shi ne kuke so ku shafe ba tare da sallama ba.

Shi Maiwada da ya ce riƙo aka ba shi, da bakinsa ya aike ki?

Uwais


Tudun Faru
6 ga Agusta, 2017

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin in fara. Umma lafiya, damina ta yi kyau.

Na rubuto maka tun Afrilu. Da na karanta taka sai na tafi gidan Hajiya Zaituna, muka zazzage jakarta, ga wasiƙar nan a cikin aljihun da take sa fasfo. Ta je Makka da ita ta dawo da ita. Na haɗo maka ita yadda take, ka fara karanta ta kafin ka ci gaba da wannan.

Abin da Basiru ya faɗa gaskiya ne. Na je wajen dattawa uku. Da na ji shiru daga gare ka, na ɗauka ka karanta ka ƙi, sai na ce bari in gwada ta nan. Duka ukun suka ce sai da bakinka. A waya kuwa, ina zan iya buɗe baki in ce wa Baffana ya sauka? Na yi kuskure da na zagaya, ka yafe mini.

Baba Maiwada bai aike ni ba. Da ya ji, ya sa aka kira ni, ya yi mini faɗan da tun ina yarinya ba a yi mini irinsa ba. Ya ce, "Ke wa ya sa ki? Mutum yana ƙasar wasu shi kaɗai, abu guda ya rage masa, shi za ki ƙwace?" Ka ga shi ya fi ni sanin halin da kake ciki.

Juma'ar da ta wuce ya kuskure matakala wajen saukowa, ya faɗi a gaban jama'a. Goshinsa ya fashe. Ana ɗaga shi yana cewa, "Kun ga amfanin ta biyu, da daga ta uku ne da yanzu ana neman likkafani." Mutane suka yi dariya. Ni da aka ba ni labari ban yi ba.

Baffa, ina da shekara goma sha ɗaya ranar da ka yi sallama a masallaci. Muna bayan labule muna ji. Ka ce shekara biyu za ka yi. Kai ka koya mana a aji cewa amana bakinta biyu: wanda aka ba ya tsare, wanda ya bayar kuma ya zo ya karɓa ko ya saki, kada ya bar ɗan'uwansa da kaya a ka. Har ka sa muka rubuta sau goma. Shi ya tsare nasa bakin.

In za ka dawo, ka dawo, wallahi ni zan fara zuwa filin jirgi. In ba za ka dawo ba, saura mako takwas a rufe karɓar suna.

'Yarka, ko kana fushi,
Muhibba


Al-Oud, Riyad
4 ga Satumba, 2017

Zuwa ga 'yata Muhibba,

Wa alaikumus salam. Barka da salla. Lafiyata lau. Na yi idi, na sayi nama a baƙala, kantin unguwa, na soya, na ci rabi.

Wasiƙun biyu sun zo tare. Na yi kwana goma sha biyu ban iya ɗaukar alƙalami ba. Ba fushi ba ne. Tun a takardarki ta farko kin ce ya tsufa, ni kuma na tsallake layin, na tsaya a inda aka ambaci sunana. Malamin da yake cewa yara su karanta har ƙarshen shafi.

Kin ce in zan dawo in dawo. Na zauna na tambayi kaina da gaske, karon farko. Ba zan dawo yanzu ba. Ba karatu ne ya kawo ni nan ba, karatun ya ƙare tun tuni. Bayan rasuwar matata Hansai na kasa zama a gidan nan. In na fito salla sai in ga turminta a inda ta bar shi. Na ce shekara biyu don ban san yadda ake cewa ba zan iya ba. Na ɗauki rawanin mahaifina na sa a akwati don a san zan komo, ni ma in san haka. Na tafi na bar dattijo a tsaye a tsakiyar mumbari shekara goma sha huɗu, ina nan ina jin daɗin ana kirana Liman.

Yara uku suka rage mini. Iyayensu ba su da wanda zai koya musu, zan zauna da su har su ma su tafi. Bayan nan Allah ya san sauran.

Jiya na buɗe akwatin. Rawanin ya yi ɗan ja a wajen ninki, amma bai ci ba. Na wanke shi da hannuna, na shanya a kan kujerun yara, na goge. Ban ba masu kago ba. Saidou da kansa zai taho Kano ranar sha takwas, ya yi mini alkawarin a jakar hannunsa zai sa shi. Akwai takarda zuwa ga dagaci da dattawa, na rubuta da Hausa da ajami, na sa hannu gaban shaidu biyu: na sauka, ba don an tilasta ni ba, kuma ina roƙon a naɗa Malam Maiwada. A rubuta sunansa. Ko dokarku ta wuce ko ba ta wuce ba, wannan ya wuce.

Ki je da kanki ki ce masa ina neman gafara. Zai ce ba komai. Ki sake faɗa har sai ya yi shiru.

Ke kuma babu abin yafewa. Kin karanta darasin fiye da wanda ya koyar.

Alhamis ɗin da ta wuce ban rubuta huɗuba ba. Na dawo daga la'asar na zauna a bakin gado, ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Kwalin yana nan, sun haura ɗari bakwai. Ƙila in ba masu shara.

Baffanki,
Uwais


Tudun Faru
8 ga Oktoba, 2017

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, tarin nan ya sake ka. Mu nan lafiya, an fara yankan gero. Umma ta ce a faɗa maka rabin nama ba ci ba ne.

Saidou ya cika alkawari. Dagaci ya tara dattawa aka karanta takardarka. Baba Maiwada ya ƙi sau biyu. A na uku ya ce a miƙo masa rawanin, ya shafa shi tun daga wannan baki har wancan, ya kai hanci. Ya ce, "Na Malam ne." Aka naɗa shi ranar Juma'a, ashirin da biyu ga Satumba. Da zai hau mumbari ya tsaya a ta biyu kamar kullum, sai ladan ya riƙe masa gwiwar hannu ya ce, "Saura ɗaya, Liman." Ya hau. Ya buɗe baki ya ce, "A madadin," sai ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya fara da bisimilla.

Na kai sunansa da hannuna, saura kwana huɗu a rufe. Ƙudirin kuwa ban san makomarsa ba. An yi ta jayayya a kan harajin, aka mai da shi kwamiti, majalisa ta tafi hutu. Wasu sun ce sai baɗi, wasu sun ce ya mutu. Na gaya wa Baba Maiwada, ya ce shi dama bai taɓa ganin fansho ba, ba zai yi kewarsa ba. Maganin idon dai dattawa sun ɗauka a kansu, tunda yanzu an fito da maganar fili.

Na ba shi saƙonka sau uku kafin ya yi shiru. Sannan ya ce in rubuta maka wannan yadda ya faɗa, kada in gyara:

"Ki ce wa Uwaisu na yafe, shi ma ya yafe mini faɗuwar da na yi a mumbarin ubansa. Buzunsa na sa an mai da shi sahun farko, dama da liman, ba mai zama. Sannan wace shara? Huɗubar Malam arba'in na haddace, na juya su har masu gyangyaɗi suna riga ni ƙarasawa. Ya aiko nasa. Ke ki riƙa karanta mini a waya ran Alhamis, kunnena bai mutu ba. Amma ki gaya masa kada ya wuce shafi biyu, na san gidansu da dogon bayani."

Tun da nake, ban taɓa jin ya kira sunanka ba sai ranar.

Na gaya masa na cikin kwali sun kai ɗari bakwai. Ya ce waɗannan a aiko a hankali, amma shi ya fi son mai zafi, wadda aka rubuta a makon. Saboda haka in ka gama ka ɗauki hotonta ka turo, kada mu sake dogara da jakar Hajiya Zaituna. Akwai rigimar masu shanu da masu gona a bakin rafi, yana so a taɓa ta wannan Juma'ar.

Ranar Alhamis bayan la'asar zan riƙe waya, Baffa. Shafi biyu.

'Yarka,
Muhibba